Kayan Tafiya: Wuri Daban, Nauyi Daban

Ɗan'uwa mai karatu, bari in fara da wata tambaya da na yi ma ƴan ajinmu na yaƙi da jahilci. Na ce masu: kilo guda na auduga da kilo guda na ƙarfe, wane ya fi nauyi? Kusan aji duka sunka ce ƙarfe. Sai wani dattijo mai awon wake a kasuwa ya yi dariya, ya ce: "Mushe, kilo ai kilo ne. Sai dai audugar ta cika buhu, ƙarfen kuwa ko aljihu ya ishe shi."

Dattijon ya yi gaskiya. Kowane kaya yana da wurin da yake ci, yana kuma da nauyinsa. Bargo yana cin wuri, amma ba shi da nauyi sosai. Zuma ba ta cin wuri, amma in ka ɗaga kwalbarta za ka ji ta a hannu. Mai shirin tafiya mai nisa dole ya riƙe waɗannan abubuwa biyu a ransa, don a hanya za a auna shi da dukansu.

Mu mutanen Dakwaro matafiya ne. Samarinmu suna zuwa cin rani Kano, Legas da Abijan. Kowace shekara kuma akwai waɗanda Allah ke kira Makka, hajji ko umra. Kan tafiyar Makka zan fi tsayawa. Ita ce tafiyar da mutum ke tara ma kuɗi shekara da shekaru, ita ce kuma wadda ake aza akwatinka bisa sikeli gaban jama'a. Amma abin da za ka karanta zai yi maka amfani ko da tafiyar taka ba ta wuce Maraɗi ba.

Kowane abin hawa da abin da yake tsoro

Raƙumi yana tsoron kayan da sunka karkace. Ka dubi Buzayen ayarin gishiri masu zuwa Bilma da Fashi. Kafin su aza ma raƙumi kaya, sai sun ɗaga wannan sun ɗaga wancan, sun tabbata dama da hagu sun yi daidai. In gefe ɗaya ya rinjaya, kayan su goge ma dabba baya, su yi mata miki. Akwai wata dabara tasu da ta fi burge ni. Da yake babu ciyawa cikin yashin Tenere, suna tashi da dammunan ciyawa, suna aje wasu a hanya. Ta dawowa ce, lokacin da raƙuma ke ɗauke da kantun gishiri da dabino. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa.

Mota kuwa, tsoronta kaya masu cin wuri. Karen mota da ido yake awo. Ya dubi girman jakarka, ya ɗan ɗaga ta, ya yanka maka kuɗi. Ƙatuwar jaka cike da tsummoki tana iya fin ƙaramin akwati mai nauyi tsada. Kuma ka tuna nisan hanya. Daga Dakwaro zuwa Maraɗi, ta Kornaka da Tsibiri, ya haura kilomita 100. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600: Gidan Rumji, Madawa, Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso. Duk tsawon hanyar nan jakarka tana ƙarƙashin buhunan wasu, tana shan ƙura da girgiza. Jakar da zif ɗinta ya fara buɗe baki tun a gida ba za ta kai ba.

Jirgin ruwa ba mu san shi ba a nan, amma kakanninmu sun san shi. Alhazan da da ƙafa suke tafiya, su bi ta Barno da Cadi har Sudan, wasu su yi shekaru a hanya suna noma suna tara guzuri. In sun kai Sawakin ko Fot Sudan, sai su shiga jirgi su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Jirgin ruwa yana ɗaukar kaya masu yawa ƙwarai, amma shi ma yana da iyaka. A jikin manyan jirage akwai wani layi da anka zana da fenti. In anka loda jirgi har ruwa ya rufe layin nan, to an wuce kima. Wani ɗan majalisar Ingila mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta faɗa kan wannan, har anka yi doka a shekarar 1876. Ga abin da ke faruwa in anka ƙi ji: cikin watan Yuni na 2022, a tashar Sawakin, anka loda tumaki kusan dubu 16 cikin jirgin da ƙarfinsa dubu 9 ne. Jirgin ya nutse tun bai yi nisa da tasha ba. Ma'aikatansa sun tsira, amma tumakin kusan duka sunka halaka. Duk mai kiwo ya san mi ake nufi da wannan asara.

Akwai kuma wasu jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, waɗanda masu hali ke shiga su yi mako guda ko biyu suna zagaya garuruwan bakin teku. Mafi girmansu suna ɗaukar fasinja fiye da dubu 7, wato sun fi ƙauyukanmu da yawa mutane. Tun shekarar 2021 akwai masu tashi daga Jidda. A cikinsu ba a cika damuwa da kilon akwatinka ba. Matsalar ita ce ɗakin kwana, ɗan ƙarami ne, akwati sai ƙarƙashin gado. Wanda ya zo da manyan akwatuna uku ba shi da inda zai miƙe ya yi salla. Kuma kafin ya kai bakin teku sai ya shiga jirgin sama, can kuwa sikeli na jiransa.

Shi jirgin sama nauyi yake tsoro. Matuƙi yana lissafin man da zai sha bisa nauyin da ya ɗauka. Iska mai zafi kuma ba ta tallafar fiffike kamar mai sanyi, ga shi Yamai da Jidda duk garuruwan zafi ne. Don haka a filin jirgi babu ciniki irin na tasha. Ba a cewa "yi haƙuri, ɗan kaɗan ne". Lamba ce ke magana.

Adakar gwaggo

Shekarun baya na raka gwaggota filin jirgi. Ta zo da adakarta ta ƙarfe, wadda anka yi mata tun lokacin aure. Anka aza ta bisa sikeli, lamba ta nuna 34. Ma'aikaciyar ta ce: "Hajiya, sai kin rage."

Nan tsakiyar mutane munka buɗe. Mi ke ciki? Surfaffen gero tiya biyu, tukunya, ludayi, kwalbar man shanu, bargo, zannuwa tara, har da ɗan turmin dakan yaji. Na ce: "Gwaggo, ƙaura za ki yi?" Ta ce: "Ɗan nan, ai ban san abin da za ni tarar ba." Da munka kwashe komi, adakar ita kaɗai ta auna kilo 9. Dole na fita na sayo jaka da tsada, na komo gida da adaka da gero da turmi. Kuɗin bai dame ta ba kamar kunyar da ta sha, ƴan kayanta na ciki shimfiɗe a ƙasa, baƙi suna ƙetarawa. Har yau in ta tuna sai ta ce laifina ne, ni da na yi lakkwal ban faɗa mata ba. Kuma da gaskiyarta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Karanta takardarka

Yanzu da ka iya karatu, ka wuce a yi maka yadda anka yi ma gwaggo. A jikin tikitin jirgi akwai wurin da anka rubuta kayan da anka yarda maka. Ka nemi lamba mai haruffa biyu a bayanta: KG. Ma'anarsu kilo. Kamfanoni da yawa suna ba da akwati biyu, kowane kilo 23, da jakar hannu ta kilo 7. Amma kowane kamfani da nasa tsari, jiragen alhazai ma suna da nasu. Kada ka dogara ga abin da alhajin bara ya faɗa maka. Ka tambayi ajans ɗin da ka biya ma kuɗi, ko ka saurari sanarwar COHO, hukumar da ke kula da hajji da umra a ƙasarmu. Abin da anka faɗa maka, ka rubuta shi cikin littafinka.

Ga wurin da mutane ke yin kuskure. In an ce akwati biyu masu kilo 23, ba a yarda ka kawo guda mai kilo 30 da guda mai kilo 16 ba, ko da jimillarsu 46 ce. Kowane akwati ana auna shi shi kaɗai. Akwatin da ya wuce kilo 32 kuwa, galibi ba a karɓarsa ko ka ce za ka biya, saboda masu ɗaga shi mutane ne kamarka, suna da ƙugu.

Sikelin ba ya raba akwati da abin da ke cikinsa. Babban akwati mai taya yana iya cin kilo 4 ko 5 tun babu komi ciki. Jakar leda mai zane-zane, wadda ake kira Gana-mas-go, ba ta kai kilo guda ba, amma tana yagewa, kuma tana sarƙewa cikin injin da ke jan kaya. A shekarar 2023 kamfanin jirgin Habasha ya daina karɓar irinta daga Najeriya. A ganina jakar yadi mai ƙwari ta fi duka. In kana sayen akwati, ka ɗaga shi babu komi ciki kafin ka tambayi kuɗinsa.

Awo a gida

Ƙaƙa za ka san kilo 23 alhali ba ka da sikeli? Kana da shi, ba ka lura ba ne.

Tiya guda ta gero wajen kilo 2 da rabi ce. Shi ya sa buhu mai kilo 100 ke cin tiya 40. To tiya 9 ta kama kilo 22 da rabi. Ka auna tiya 9 cikin buhu, ka ɗaga da hannu ɗaya, sannan ka ɗaga akwatinka. In akwatin ya fi buhun, ka wuce. Ruwa ma ma'auni ne: lita guda kilo guda ce. Jarka mai lita 20 cike da ruwa ta ɗan haura kilo 20. Ka dai duba lambar da ke jikin jarkar, don akwai masu lita 25.

Wannan awon hannu ne, yana iya ruɗinka da kilo ɗaya ko biyu. In kana son tabbaci, je wurin masu sayen wake ko gyaɗa, su rataya maka a sikelinsu. Ko kuwa ka roƙi ma'aunin mutane irin na likita. Ka hau kai kaɗai, ka rubuta lamba. Ka sake hawa rungume da akwati, ka rubuta. Ka ɗebe ta farko daga ta biyu. Misali, kai kaɗai 68, kai da akwati 89. In ka ɗebe 68 daga 89 saura 21. Akwatinka kilo 21 ne. Ka ga lissafin da muke yi a allo ya yi rana. Ka bar kilo guda na rara, don sikelin kasuwa da na filin jirgi ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba.

Mi za a ɗauka, mi za a bari

Ka shimfiɗa tabarma, ka jera duk abin da kake son tafiya da shi. Kowane abu ka yi mashi tambaya biyu. Zan yi amfani da kai kowane mako? In na rasa ka, ana sai da irinka a can? Abin da ba ka buƙata kullum, kuma ana samunsa can, ya zamna gida.

Tufafi su ne masu yaudara. Ƙasar Makka busasshiya ce kamar tamu. Rigar da ka wanke da dare ta bushe kafin safe. Namiji, harami biyu da jallabiya uku sun ishe shi. Ke kuma ƴar'uwa, doguwar riga huɗu, hijabi uku, zane biyu. Ki zaɓi yadi maras nauyi, ki bar shadda da leshi. Babbar riga mai aiki ita ma ta zamna. Na san za ka ce: da mi zan sauka ranar da anka zo tarbona? To ka bar ma ɗanka ita, ya kawo maka Maraɗi ka sa. Ba sai ta je Makka ta dawo ba.

Abinci shi ne na biyu. Hukumomin Saudiyya ba su yarda a shigo da ɗanyen abinci ba. Abin da suke bari shi ne busasshe ko na gwangwani, ɗan kaɗan, daidai cikin mutum guda, kuma a cikin mazubin da za a iya buɗewa a duba. Ɗan yaji, garin kuka da garin kunu sun isa su tuna maka gida. Shinkafa, burodi da shayi suna ko'ina, kuma akwai Hausawa mazauna can masu sai da tuwo da koko. Goro kuwa an hana shiga da shi. Na san wannan ta fi komi ciwo ga tsofaffinmu, amma haka dokar take, kuma injin dubawa yana gani har cikin matashin kai.

Akwai abubuwan da sun cancanci wurinsu ko da sun yi nauyi. Lema tana cikinsu, da gorar ruwa. A hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50 a Makka, hukumomin ƙasar sunka ce mutum fiye da 1300 sun rasu. Ka sa takalmin da ƙafarka ta saba da shi, don akwai tafiyar ƙasa mai yawa, sabon takalmi kuwa sai ya ci ka. Ka tafi da ƴar ƙaramar jakar goyo ta kwanakin Mina da Arfa da Muzdalifa, don manyan akwatuna a masauki ake barinsu. Duwatsun jifa kam a can ake tsinta. Na faɗi haka ne don an taɓa tambayata.

Shirya akwati

Ka naɗe tufafi kamar yadda ake naɗe tabarma, ka jera su tsam. Sun fi cin wuri kaɗan bisa ga ninki. Masu nauyi su zamna ƙasa, wajen taya, masu sauƙi a sama. Cikin takalmi wuri ne, ka cusa safa ko sabulu. Duk abin da ke zuba, mai ko turare, ka ɗaure shi cikin leda biyu. Kwalbar man shanu guda in ta fashe, ta gama da harami da jallabiya gaba ɗaya.

Yanzu ana sai da wasu ledoji da ake zuƙe iskar ciki, bargo ya koma kamar faifai. Suna da amfani, amma ka tuna auduga da ƙarfe. Iska kaɗai ta fita, kilo yana nan. Mutum ya ga wuri ya samu sai ya ƙara kaya, ya ƙara, akwati ya rufu lafiya lau, a je sikeli a ga 29. Dabarar da ke ba ka wuri ita ce ke sa ka wuce kilo in ba ka sake awo ba.

Ka rubuta sunanka, garinka da lambar wayarka a takarda biyu. Ɗaya a liƙa waje, ɗaya a sa ciki, don ta waje tana iya ɓallewa. Da hannunka za ka rubuta, ba sai ka nemi ɗan lakkwal ba. Sau da yawa jakunkunan alhazai iri ɗaya ne, launi ɗaya. Ka ɗaura ma taka wani ƙyalle da za ka gane tun daga nesa.

Jakar hannu

Babban akwati in ka miƙa shi, ba ka sake ganinsa sai ka sauka. Wani lokaci ma ya kan makara kwana biyu ko uku. Ko a jiragen ruwan shaƙatawa haka ne, ana karɓar akwati a tasha, sai bayan awoyi ya iso ɗaki. Don haka duk abin da ba ka iya kwana babu shi, jakar hannu ce wurinsa: fasfo, katin allurar sanƙarau da shawara, tabarau, waya da caja, da tufafin canji guda. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya riƙe maganinsa nan, cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Batirin cajin waya ma dole a jakar hannu, ba a yarda ya shiga cikin kayan ƙasa ba saboda gobara. In jirginku Jidda zai sauka kuma Makka kunka nufa kai tsaye, haraminka ya zama kusa, don tun a sama ake wuce miƙati. Malamin tawagarku zai yi maku bayani. Kuɗi kuwa a jiki ake ɗaure su.

Akwai waɗanda ba su shiga jakar hannu: wuƙa, almakashi, reza. Su tafi cikin babban akwati. Tun shekarar 2006, a yawancin filayen jirgi ba a barin kwalbar ruwa ko mai ko turare da ta wuce mililita 100 a hannu, wato lita guda in an raba ta goma. Wadda ta wuce, karɓe ta za a yi a jefa kwandon shara kana kallo.

Saƙon mutane

In labari ya bazu za ka tafi, masu saƙo za su yi ta sallama. Wannan yana da ɗa a Jidda, waccan tana da ƙanwa a Madina. Ƙin karɓa yana da wuya, na sani, mu ba mu saba cewa a'a ba. Amma kowane ƙulli daga kilonka yake ci. Abin da ya fi wannan muni, ƙullin da ba ka ga cikinsa ba. A Saudiyya hukuncin shigo da ƙwaya yana kaiwa ga kisa, tramol ma tana cikin abubuwan da ake kama mutum dominsu. Wanda ya kawo maka saƙo, ka ce: "Bismilla, mu kwance tare." In ya ƙi, to ya koma da abinsa. Wanda ba ka sani ba kuwa, in ya roƙe ka a filin jirgi ka riƙe mashi jaka, kada ka ko taɓa ta.

A ƙarshen shekarar 2018 anka kama wata ɗaliba ƴar Najeriya a Saudiyya. Daga Kano ta tashi, kuma wasu sun liƙa sunanta jikin wata jaka mai ƙwaya wadda ba tata ba. Sai cikin watan Afrilu na 2019 anka sake ta, bayan an gano masu laifin. Don haka in ka miƙa akwatunanka, za a ba ka ƴan ƙananan takardu masu lamba, ɗaya domin kowane akwati. Ka ƙirga su. In akwati biyu ka ba da, takarda biyu za ka gani. Ka karanta sunan da ke jiki, ka adana su tare da fasfo har ka koma gida.

Dawowa

Ka tuna Buzayen da ke aje ciyawa a hanya? Tun ba su kai Bilma ba suke lissafin dawowa. Kai ma haka za ka yi. Alhaji da sauƙi yake tafiya, da nauyi yake komowa, kuma kilon da anka yarda maka bai san da tsaraba ba.

Bari mu yi lissafi. Mu ɗauka an ba ka kilo 46. Akwatunan biyu sun ci 8, saura 38. Kayan da ka tafi da su 12, saura 26. Waɗannan 26 su ne na matanka, ɗiyanka, surukai, maƙwabta da liman. In ka sayi dabino kilo 10, saura 16. Wanda ya cika akwatunansa tun daga Dakwaro, da mi zai ɗauko wannan? Sai ya biya kuɗin ƙari, ko ya aika ta jirgin kaya ya yi ta jira, ko ya zubar a filin jirgi. Dabara mai sauƙi ita ce ka tafi da akwati guda, ka ninke jakar yadi babu komi ka sa cikinsa. Ranar dawowa ta zama ta biyu. Sabulu da garin kunu sun ƙare, sun bar maka wuri. Tsofaffin tufafin da ba ka so, ka yi sadaka da su.

Kafin ka tashi daga gida, ka rubuta sunayen waɗanda za ka yi ma tsaraba, kowa da abinsa. Kasuwar Makka da ta Madina suna ɗauke hankali, mai takarda a hannu shi ke fita da sauran kuɗi. Carbi, zobe, hula da kwalli ba su da nauyi, ba su cin wuri. Darduma tana cin wuri. Dabino da kwalaben turare suna cin kilo. Ku ƴan ɗaki guda ku haɗa kuɗi ku sayi ɗan sikelin rataya, kowa ya auna tun a masauki.

Zan faɗi wata magana, wasu ba za su so ta ba. Darduma da carbi da yawa da ake sai da su can, a Sin ko Turkiyya anka yi su. Ka duba ɗan ƙyallen da ke jiki. Irinsu suna nan jibge a kasuwar Maraɗi. Ni ban ga laifi ba mutum ya ɗauko dabino da abin manya daga can, ya cike na yara a Maraɗi, muddin bai rantse ya ce daga Madina ya sayo ba.

Saura zamzam. An hana sa shi cikin akwati. In injin ya gani, za a buɗe a fitar, wani lokaci akwatin ma ya rasa jirgi. Abin da anka yarda shi ne jarka guda mai lita 5, rufaffiya, ga kowane mutum. Ka tambayi ajans ɗinka inda za ka karɓi taka, can ko kuwa Yamai, da kuma ko tana cikin kilonka. Lita 5 kamar kaɗan ce ga mai gida cike da baƙi, amma ƙaramin kofi ake ba kowa, wasu ma suna ɗan zubawa cikin randa don ya kai ga jama'a. In ka shiga motar Maraɗi, da wadda za ta kawo ka Dakwaro, kada ka yarda jarkar ta hau sama tare da buhuna. Ka aje ta tsakanin ƙafafunka, hannunka bisa murfi.